Finafinan da Ke Tayar da Hankali da Gangan: Asalinsu, Manufarsu da Iyakarsu

A duniyar silima akwai wani rukunin finafinai da ba a yin su don nishaɗi. Masu yin su sun san ɗan kallo zai ji ƙyama, ko tsoro, ko kunya, wani ma ya tashi ya fice tun ba a kai rabi ba, kuma da gangan suka gina aikin a haka. Daga gida biyu akasarinsu suke fitowa. Akwai finafinan fasaha, waɗanda darakta ke riƙe da ragamarsu, ba ya jiran kasuwa ta faɗa masa yadda labari zai ƙare, ana kuma nuna su a bukukuwa irin na Cannes da Benis da Balin, da ƙananan gidajen silima. Akwai kuma finafinan 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda galibi ba su yi kasuwa ba lokacin fitowarsu, daga baya wasu tsirarun 'yan kallo suka rungume su, suna maimaita kallonsu shekara da shekaru har su haddace maganganun ciki. Na farko niyyar mai yi ce ke bambanta shi, na biyu kuwa 'yan kallo ne ke ba shi matsayinsa, shi ya sa fim ɗaya kan iya zama duka biyun.

Abin da ake ta jayayya a kansa kusan shekara ɗari ke nan shi ne ko akwai wani amfani a nuna wa mutane mummunan abu. Tarihin finafinan ya nuna cewa yawan jini ko tsiraici ba ya raba gardamar. Abin da ke raba ta shi ne inda fim ya ajiye ɗan kallo, da kuma wanda aka cutar kafin a samu hoton.

Mafari

A 1929 wasu samari biyu 'yan ƙasar Sifaniya, Luis Buñuel da mai zane Salvador Dalí, suka fitar da wani gajeren fim marar sauti a birnin Faris mai suna Un Chien Andalou. Fitowar farko mutum ne yana wasa aska, gajimare ya gifta ta gaban wata, sai askar ta tsaga idon wata mata. Idon mataccen ɗan maraƙi aka yi amfani da shi, amma har yau mutane na kawar da kai idan an zo wurin. Sauran fim ɗin ba shi da labari: tururuwa na fitowa daga tafin hannu, ana jan matattun jakuna a kan manyan kayan kiɗa. Su biyun suna cikin ƙungiyar masu fasahar mafarki, waɗanda suka taso bayan Yaƙin Duniya na Farko. A ganinsu, al'ummar da ta tura miliyoyin samari suka mutu a ramuka ba ta da bakin koya wa kowa ladabi, don haka suka ɗaura ɗamarar girgiza ta. Fim ɗin ya yi wata 8 ana nuna shi. Na biyunsu, L'Âge d'Or na 1930, ya taɓa coci da masu hannu da shuni kai tsaye, sai wasu matasa masu ra'ayin riƙau suka afka wa gidan silimar, suka watsa tawada a allo, suka yayyage zanen da ke rataye a zaure. 'Yan sanda suka haramta fim ɗin, kuma sai da aka yi kusan shekara 50 kafin a sake nuna shi a fili a Faransa.

A Amurka kuwa, kamfanin MGM ya fitar da Freaks na Tod Browning a 1932. Browning ya ɗauko naƙasassu na gaske daga gidajen wasa masu yawo gari-gari, da wadanni, da tagwaye manne da juna, da mutumin da ba shi da hannu ba shi da ƙafa, ya ba su manyan matsayi. Labarin wata kyakkyawa ce da ta auri wada don gadonsa, ta riƙa ba shi guba, 'yan uwansa suka gane suka ɗau fansa. Masu lafiyar jiki su ne azzalumai a fim ɗin, naƙasassun kuwa su ke da amana da zumunci. 'Yan kallon zamanin ba su iya jurewa ba. Kamfanin ya yanke kusan kashi ɗaya cikin uku, Birtaniya ta hana nuna shi har shekara 30, aikin Browning ya durƙushe. Matasan shekarun 1960 ne suka tono shi, kuma a 1994 aka shigar da shi kundin finafinan tarihi na ƙasar Amurka.

Kyamarar Rouch a Akara

Ɗaya daga cikin finafinan da suka fi jawo ce-ce-ku-ce a wannan fage a Afirka ta Yamma aka ɗauke shi. Bafaranshe Jean Rouch ya fitar da Les Maîtres fous a 1955, a kan 'yan ci-rani daga Nijar, galibi Zabarmawa da danginsu, masu aikin ƙarfi a Akara ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Mabiya tsafin Hauka ne, wanda ya ɓulla a yankin Filinge wajajen 1925. A taronsu na shekara iskokin Turawan mulki ne ke hawa kansu: wannan ya zama gwamna, wancan janar, wani kofur mai gadi, wani matar likita. Ana ganin kumfa a bakinsu, ana ganin sun yanka kare sun ci. Kashegari kyamara ta bi su wuraren aikinsu, ga su cikin hankalinsu suna murmushi.

Fim ɗin ya ɓata wa kowa rai, kowa da dalilinsa. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas, don ta gane kanta ake kwaikwaya. Malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ba da shawarar a lalata shi. Ɗaliban Afirka da suka gani a Faris suka ce zai ƙara wa Bature hujjar kallon baƙar fata a matsayin dabba. Rouch ya tsaya a kan cewa haukan mulkin mallaka ne mutanen suke nunawa, kuma fim ɗin ya ci kyauta a Benis a 1957. Duk da haka ƙorafin ɗaliban bai faɗi ƙasa banza ba, domin a 1965 darakta Ousmane Sembène ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Ƙorafin yana da ƙarfi: hoto ɗaya yana iya zama tonon asirin azzalumi a wannan zaure, ya zama cin mutuncin wanda aka zalunta a wancan. Da ɗan Afirka ya karɓi kyamarar, abin ya sauya. Djibril Diop Mambéty na Senigal ya buɗe Touki Bouki na 1973 da shanu ana kora su mayanka, jini na malala, sannan ya bi saurayi da budurwa masu mafarkin tsallakawa Faris. Ba wanda zai kalli shanun bai tuna matasan ba.

Ɗan kallo ya shiga cikin laifin

Michael Powell yana cikin manyan daraktocin Birtaniya lokacin da ya fitar da Peeping Tom a 1960. Jarumin ma'aikacin kyamara ne mai kashe mata da wani tsinin ƙarfe da ya ɓoye a ƙafar kyamararsa, yana ɗaukar hoton firgicinsu, ya kuma kafa madubi don su ga fuskarsu a lokacin mutuwa. Jini kaɗan ne a fim ɗin. Abin da ya harzuƙa masu sharhi shi ne Powell ya sa ɗan kallo yana leƙe ta cikin kyamarar makashin, har ya zama wanda ya biya kuɗin tikiti yana tarayya da shi a sha'awar kallo. Jaridu suka yi masa ca, aka janye fim ɗin, Powell ya koma neman aiki a Ostireliya. Watanni kaɗan bayan haka Psycho na Alfred Hitchcock ya fito da labari makamancin wannan ya tara dukiya. Sai a 1979, da taimakon darakta Martin Scorsese, aka sake nuna Peeping Tom a Nuyok, kuma yau ana lissafa shi cikin manyan finafinan Birtaniya.

Finafinan tsakar dare

A 1968 aka soke tsohuwar dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsaurara tun 1934, aka koma rarraba finafinai bisa shekarun ɗan kallo. Yaƙin Biyetnam na ci, matasa sun daina yarda da manya. A watan Disamba na 1970 Ben Barenholtz, mai gidan silima na Elgin a Nuyok, ya fara nuna El Topo na Alejandro Jodorowsky da ƙarfe 12 na dare, kusan ba talla. Labarin ɗan bindiga ne mai baƙaƙen kaya da ke yawo a hamada yana neman wayewar ruhi, cike da jini da alamomin addinai daban-daban. Labari ya bazu baki da baki, zauren ya riƙa cika kusan wata 6. Mawaƙi John Lennon ya gani, ya sa manajansa Allen Klein ya sayi haƙƙin rarraba shi.

Daga nan tsakar dare ta zama kasuwa mai zaman kanta. Night of the Living Dead na George Romero, wanda aka yi a 1968 da kimanin dala 114,000, ya samu gindin zama a can. Jaruminsa baƙar fata ne, Duane Jones, wanda ya tsira daga gawarwaki masu cin mutane dare guda cur, da gari ya waye fararen 'yan sintiri suka harbe shi. Romero ya ce ƙwarewa ce ta sa ya zaɓi Jones, amma fim ɗin ya fito watanni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, kuma 'yan kallo sun fahimci abin da suka gani. Eraserhead na David Lynch, na 1977, ya ci kusan shekara 5 ana ɗaukarsa, har Lynch ya riƙa rarraba jarida don ya samu na ci gaba. Fim ne baƙi da fari a kan wani mutum da aka bar wa jariri mai muguwar halitta da ba ya daina kuka, a gari mai ƙugin injina dare da rana. Tsoron zama uba ne aka mayar da shi mafarki. Wasu finafinan na wannan layi, irin su Pink Flamingos na John Waters, ƙazanta ce kawai jarinsu, kuma ba su da abin faɗa da ya wuce ta.

A Clockwork Orange na Stanley Kubrick, na 1971, ya bambanta da su domin babban kamfani ne ya yi shi. Matashi ne shugaban 'yan daba, mai duka da fyaɗe, gwamnati ta kama shi ta ɗaure shi a kujera, ta buɗe idanunsa da ƙarfe, ta tilasta masa kallon ta'asa har jikinsa ya daina iya aikata ta. Tambayar fim ɗin ita ce ko mutumin da aka cire wa zaɓi za a kira shi nagari. Sai dai Kubrick ya ƙawata ta'asar farko da kiɗa da rawa har ta yi armashi, kuma wannan aibi ne na gaske. Bayan an alaƙanta wasu laifuka da fim ɗin, an kuma yi wa iyalinsa barazana, shi da kansa ya sa aka janye shi daga Birtaniya, bai dawo ba sai a 2000, bayan rasuwarsa.

Salò

Ba a maganar wannan fage a tsallake Salò na Pier Paolo Pasolini, na 1975, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin fim mafi wuyar kallo da wani babban darakta ya taɓa yi. Pasolini mawaƙi ne, marubuci, ɗan gurguzu, kuma shi ne ya yi fim ɗin rayuwar Annabi Isa bisa Linjilar Matta a 1964, wanda har malaman coci suka yaba. Ya ɗauko littafin da Marquis de Sade ya rubuta a kurkukun Bastille a 1785, ya mayar da labarin arewacin Italiya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Mussolini ke riƙe da 'yar gwamnatin da Jamusawa suka kafa masa a garin Salò, daga 1943 zuwa 1945.

Manya huɗu ne a labarin: basarake, da babban limamin coci, da alƙali, da shugaba. Wato sarauta, da addini, da shari'a, da mulki. Suka sa sojoji suka kamo samari 9 da 'yan mata 9, aka kulle su a wani katafaren gida, aka karanta musu dokoki, sannan aka shiga wulaƙanta su mataki-mataki, bisa tsarin da'irorin wuta na mawaƙi Dante, har zuwa azabtarwa da kisa. Dalla-dallar abin da aka yi musu ba na faɗa a bainar jama'a ba ne. Abin lura shi ne yadda aka ɗauki hoton. Kyamara tana tsaye daga nesa, ba ta kusantar fuska don a ji tausayi, ba ta ƙawata jiki don a ji sha'awa, ba jarumin da zai zo ceto. Kisan ƙarshe ta cikin tabarau mai hangen nesa ake ganinsa, daga tagar bene, inda manyan ke karɓa-karɓa a kujera suna kallo, ba a jin ihun waɗanda ake kashewa. Ɗan kallo ya tarar da kansa zaune a kujerar azzalumi, yana gani da idonsa.

Pasolini ya bayyana manufarsa a hirarraki da rubuce-rubucensa na jarida. A ganinsa, mulkin da ba shi da linzami yana mayar da jikin ɗan Adam kaya, kuma zamanin saye-saye da talla yana yin haka cikin ruwan sanyi fiye da yadda 'yan fasist suka yi da bindiga. Kafin Salò ya yi finafinai uku masu murnar jiki da soyayya, na ƙarshensu daga Dare Dubu da Ɗaya, da ya ga 'yan kasuwa sun kwaikwaye su sun mayar da su batsa sai ya fito fili ya barranta daga gare su. Salò martani ne ga wannan, an yi shi yadda ba mai iya jin daɗinsa. Bai ga fitowarsa ba. An tsinci gawarsa a Ostia, kusa da Rum, ranar 2 ga Nuwamba 1975, yana da shekara 53. An ɗaure wani yaro ɗan shekara 17 a kan kisan, wanda ya janye iƙirarinsa a 2005. Makonni 3 bayan kisan aka nuna fim ɗin a Faris. Italiya ta kama shi a 1976, Birtaniya ba ta amince da shi cikakke ba sai a 2000, Ostireliya kuwa ta hana, ta sake, ta kuma hanawa, kafin ta ƙyale shi a faifai a 2010.

Inda iyakar take

Wanzami yana tsaga fata ya kafa ƙaho don ya fitar da mataccen jini, wani kuma yana tsagawa don ya ji wa mutum ciwo, alhali askar iri ɗaya ce. Come and See na Elem Klimov, na 1985, yana cikin kashi na farko. Yaro ne a Belarus a 1943 yana ganin sojojin Jamus sun tara mutanen ƙauye a ɗaki sun cinna wuta, kuma fim ɗin ya rubuta a allo cewa ƙauyuka 628 aka ƙone haka tare da mutanensu. Klimov ya jira kusan shekara 8 kafin hukumar Tarayyar Sobiyet ta ba shi izini. Fuskar yaron, wadda ke tsufa a gaban ɗan kallo, ta fi duk wani jini ban tsoro. Michael Haneke na Ostiriya ya bi wata hanyar a Funny Games na 1997: samari biyu suna azabtar da iyali, kusan duk ta'asar a bayan kyamara take faruwa, ɗayansu yana juyowa yana yi wa ɗan kallo magana, kuma da matar gidan ta samu bindiga ta harbe ɗaya, sai ɗayan ya ɗauki rimot ya mayar da fim ɗin baya ya hana ta. Haneke yana tuhumar ɗan kallo ne a kan abin da ya zo nema.

A ɗaya gefen akwai Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, na 1980, wanda ke da'awar sukar 'yan jarida masu cinikin ta'asa alhali shi ma ita yake sayarwa. An kashe dabbobi na gaske a gaban kyamara, kotun Italiya ta kama fim ɗin, kuma yana cikin finafinai 72 da hukumomin Birtaniya suka jera a lokacin da ake hayaniyar kaset ɗin bidiyo, wadda ta haifar da dokar 1984. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Last Tango in Paris na Bernardo Bertolucci, na 1972. 'Yar wasa Maria Schneider tana da shekara 19 lokacin da darakta da ɗan wasa Marlon Brando suka shirya wani ɓangare na fitowar fyaɗe ba tare da sanar da ita ba, kuma Bertolucci ya amsa daga baya cewa so ya yi kyamara ta kama wulaƙancinta na gaske. Ta ce abin ya bi ta tsawon rayuwarta, ta rasu a 2011. Babu wata fasaha da ta kai wannan farashi. Sai bayan 2017 manyan kamfanoni suka fara ɗaukar jami'i na musamman mai kare mutuncin 'yan wasa a irin waɗannan fitowa.

Akwai kuma waɗanda har yau ba a daidaita a kansu ba. Irréversible na Gaspar Noé, na 2002, yana tafiya daga ƙarshen labari zuwa farkonsa, da fitowar fyaɗe ta kusan minti 9 ba yankewa, kuma mutane da dama sun fice daga zauren Cannes. Masu kare shi sun ce ya hana a mayar da fyaɗe abin ado, masu suka sun ce tsawon ya wuce buƙatar hujjar, kuma maganar masu sukan ta fi nauyi.

Halin da ake ciki

Abin da a da ake kora daga silima yanzu kyauta ake ba shi. Oldboy na Park Chan-wook daga Koriya ta Kudu ya ci babbar kyautar alƙalai a Cannes a 2004, Titane na Julia Ducournau ya ci kyautar ƙoli a 2021. Wannan karɓuwa ta zo da tata matsalar, domin girgiza mutane ta zama hanyar yin suna, kuma darakta marar abin faɗa yana iya fakewa da sunan fasaha.

Hanyar kallo ma ta sauya. Hukumomi irin su hukumar tace finafinai ta Nijeriya, da aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano, ta 2001, an gina su ne don silima da kaset da faifai, intanet kuwa ba ta bi ta ƙofarsu. Abin da ke yawo a waya yawanci guntu ne na minti ɗaya ko biyu, an ciro mafi munin wuri an yar da sauran. Guntun Salò ko na Come and See da aka raba da labarinsa ya zama ainihin abin da Pasolini da Klimov suka yi fim don yaƙa, wato ta'asa a matsayin abin kallo. Waɗannan finafinai na manya ne, kuma a ƙasashen da aka yi su ma doka ta hana a nuna wa yara akasarinsu. Babba da ya ƙi kallonsu saboda addininsa ko lafiyar zuciyarsa bai yi asarar da za a zarge shi a kanta ba. Ɗalibin fim ko mai nazari da ya zaɓi ya kalla, wajibi ne ya fara sanin wanda ya yi fim ɗin, da zamanin da aka yi shi, da abin da ya sami waɗanda suka fito a ciki, sannan ya kalle shi cikakke daga farko har ƙarshe.